Ranar da Na Kulle Wayifai ɗin Baba

Ni na kawo wa gidanmu wannan fitina da hannuna, a bayan babur, ɗaure da igiyar roba. Talabijin ce shafaffiya ta zamani wadda ba ta buƙatar kwano a kan rufi, da wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu da ake sa wa sim, shi yake jawo intanet ya watsa a cikin gida. Wayifai ake ce masa. Ina koyarwa a wata sakandare a Kiru, sai ranar Juma'a in an tashi nake zuwa gida, kuma na lura Baba ya tsufa. Gwiwoyi sun ƙi, gonar albasa ta koma hannun ƙannena, babu abin da ya rage masa sai zaman zaure yana gyara wa masu wucewa tafiya. Na ce bari in samo masa abin kallo ko mutanen gari sa sarara.

Makon farko da na biyu lafiya lau. Baba ya kalli tafsiri, ya kalli dambe, ya riƙa amsa sallamar mai karanta labarai cikakkiya, har da wa barakatuhu. Daga nan sai zoben ya bayyana. Ana cikin kallo hoto zai ƙame, wani ɗan farin zobe ya fito a tsakiyar gilashi yana juyawa, ba ya gaba ba ya baya. Inna ce ta raɗa masa suna. Ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Au, ya ɗora tuƙi?" Shi ke nan ya zama tuƙi a bakin kowa, tuwon ne dai ba mu taɓa ganin an kwashe ba. A dambe abin ya fi cin rai. Ɗan dambe zai ɗaga hannu, zoben ya fito, kafin ya tafi an riga an share fili wasu biyun sun shigo. Baba ya dube ni ya ce, "To wa ya yi kisa?" kamar ni na ɓoye masa.

Da a dambe abin ya tsaya da ban damu ba. Amma bazarar shekarar ta yi tsawo, ruwan dam ya ja baya fiye da yadda aka saba, har masunta suka fara kawo labari cewa tsohon gari ya leƙo.

Mu mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Ni a sabon gari aka haife ni, tsohon ban san shi ba sai a baki, kuma a bakin dattawanmu babu abin da ya taɓa lalacewa a can. Albasar can ta fi girma, matan can sun fi kunya, ko sauron can sai ya yi sallama kafin ya ciji mutum. Ina yaro na gaji da labarin har na riƙa zargin ruwan taimakonsu ya yi, ya rufe shaida. Abu ɗaya ne ko ni ba na wasa da shi. Mahaifiyar Baba ta rasu 'yan watanni kafin a kwashe su, can aka binne ta, kuma tun ranar da ruwa ya hau Baba bai sa ƙafa a kwalekwale ba. Rabin gari suka koma kamun kifi, shi ya tsaya a noman rani, ya ce ba zai bi ta saman mahaifiyarsa da takalmi ba.

Yanzu gari ya leƙo, amma tsakaninsa da mu akwai tafiyar kwalekwale da taɓo har ƙugu. Waɗanda za su iya zuwa duk a nan aka haife su, in an tambaye su me suka gani sai su ce kututture da tarin ƙasa. Waɗanda suka san kututturen kowane gida kuma ko masallaci sai da sanda suke zuwa. Ana cikin haka sai ga mutum uku daga wata tashar talabijin da ke watsa shirye-shiryenta ta intanet, da kyamara da ɗan jirgin nan mai tashi sama yana ɗaukar hoto. Suka wuni a can, suka dawo kaca-kaca, suka ce za a nuna shirin ranar Juma'a ta uku bayan la'asar. A daren ranar Baba ya sa aka kira ni a waya.

"Malamin boko," haka yake kirana in yana so ya tuna mini shi ya biya kuɗin makaranta, "ranar nan kada abin nan naka ya ɗora tuƙi."

Da muryar umarni ya faɗa, amma na san Baba. Roƙo ne, kuma tunda nake bai taɓa roƙona komai ba.

Na fara da abin da kowane masani yake farawa da shi, na kashe na kunna. Zoben ya dawo kafin in zauna. Baba ya ce in matsa ya gwada nasa maganin, wanda ya yi wa tsohuwar rediyonsa aiki shekara da shekaru, wato mari a ƙeya. Ya zagaya talabijin ɗin ya rasa inda zai sauke hannu, ya ce abin da ba shi da ƙeya ta yaya za a ladabtar da shi. Inna kuma ta yanke hukunci cewa zafi ne, ita ma in rana ta take haka kanta yake yi. Na shiga banɗaki na fito na tarar ta jiƙa tsumma ta lulluɓe akwatin kamar tulu. Da ƙyar na ceci ransa.

Wani abokin aikina ya ce tsawo akwatin yake so, ya hangi ƙarfen sabis ido da ido. Na samo doguwar gora, na huda robar fenti na sa akwatin a ciki saboda rana, na ja masa waya daga batirin sola, na kafa a jikin zaure. Ina kan tsani ina juya gorar, Inna na ƙasa tana ba ni rahoto. "Ya tafi. Ya tsaya. Ya tafi. A'a, ƙarya yake." Wani Bafulatani da ke kora shanu wajen Falgore ya tsaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in amya nake kafawa in sani ƙudan zuma ba sa son roba. Na yi masa godiya. Da na ga wani reshen darbejiya ya tare gabas, na sa adda na sare shi, ashe shi ne inuwar da Inna take tsince shinkafa a ƙarƙashi. Ranar tuwona ya zo babu man shanu, kuma ba a yi mini bayani ba.

Daga nan na canza sim. Na kira kamfani, wata mai tattausar murya ta saurari kukana har ƙarshe, ta ba ni haƙuri, ta ce in gwada kashewa da kunnawa. Na shiga cikin saitin talabijin na rage kyawun hoto don ya yi wa akwatin sauƙin ja. Tuƙin ya ɗan ragu, amma mai karanta labarai ya koma ba ido ba hanci, sai hula da baki. Baba ya ce a mayar da mutumin yadda Allah ya yi shi. In da wannan hoton za a nuna tsohon gari, in ji shi, gara ya rufe ido ya tuna.

Abin da ya fara buɗe mini ido ɗanwake ne. Na ci shi a tasha ranar Juma'a ta biyu, kafin in iso gida cikina ya juya, aka tafi masallaci aka bar ni ina zirga-zirga da buta. A tsakanin zirga-zirgar na kunna talabijin. Tas! Ko gezau hoto bai yi ba har aka idar da salla. Mutane na fara dawowa, zobe ya dawo tare da su. Na kai wa Baba wannan babban bincike da zumuɗi. Ya fara da tambayar dalilin da ya hana ni Juma'a, sai da na ba da bayanin da bai kamata ɗan shekara arba'in ya bayar a gaban baƙi ba. Sannan ya ce ai magana ta fito. Abin da ba ya aiki sai lokacin salla, kowa ya san wanda yake tuƙa shi.

Na sauko da akwatin na kai shi kasuwar Tudun Wada wurin wani mai gyaran waya, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ji labarin Juma'ar ya ce, "Malam, mutum nawa ne suke sha a jikin abin nan?"

Na ce talabijin ɗaya da wayata.

Ya yi dariya har tabaran goshin ya faɗo. Ya nuna mini yadda zan shiga cikin akwatin ta wayata in ga jerin duk wayoyin da suke jone da shi, ya ce in bari sai da yamma in duba.

Da yamma na duba. Sai da na ja yatsa sau uku kafin jerin ya ƙare. Na ɗaga kai na leƙa ƙofar gida, a nan ne na ga abin da na yi makonni ina kallo ban gani ba. Mai shayi ya dawo da teburinsa jikin katangarmu. 'Yan acaɓa sun mayar da gindin darbejiyarmu tasha. Masunta biyu sun shimfiɗa koma suna ɗinki da hannu ɗaya, ɗayan hannun na kan waya. Duk wannan lokaci na ɗauka hirar Baba ce take tara su, shi ma haka ya ɗauka.

Lambar sirrin na rubuta ta ne a bayan wani kwali tun ranar farko, na ajiye ƙarƙashin talabijin don kada in manta. Ashe kwalin ya koma aljihun Baba. Duk wanda ya shigo ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gwiwa, ya tambayi iyali, ya yi jajen zafi, kafin ya miƙe Baba ya zaro kwalin ya miƙa masa kamar goro. Shi kansa ba ya karanta boko, bai san me aka rubuta ba. Ya dai ga mutane suna murna.

Na jira baƙi suka watse, na zauna a gabansa na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, na gano mai tuƙin. Kai ne."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara yana jan carbi, ya ce ya ji. Na ce to zan canza lambar. Carbin ya tsaya.

"Ka san gidan kwaɗo?"

Na sani mana. Wani gida ne a tsohon ƙauyen da muka tarar a gefen sabon garinmu, tun muna yara haka muke kiran 'ya'yansu, 'yan gidan kwaɗo, ban taɓa tambayar dalili ba.

"Da motoci suka sauke mu a nan," in ji Baba, "fako ne, jar ƙasa, ba bishiya ba rijiya. Mutanen ƙauyen can suka buɗe mana rijiyoyinsu. Matanmu suka riƙa ja har ruwan ya koma laka, babu wanda ya ce uffan. Mutum ɗaya ne ya yi wa tasa murfi ya sa kwaɗo. Ya mutu, 'ya'yansa sun mutu, rijiyar ma ta rufta. Jikansa ya zo neman aure garin nan bara, sai da aka tuna masa."

Na ce, "Baba, wannan ba rijiya ba ce, kanal ne na ban ruwa. In na sama duk suka fasa bakin gonarsu lokaci ɗaya, me zai isa wurin na ƙasa?"

"Na ƙasa ya jira."

"Shirin ba zai jira ba."

Na ga maganar ta shige shi, sai na ƙara matsawa, na ce to a roƙe su, awa ɗaya tak ranar Juma'a kowa ya kashe wayarsa.

"In roƙi mutum ya ajiye abin da na ba shi da hannuna? Gobe ya ce ashe ƙirga masa nake yi." Ya mayar da kwalin aljihu ya dafe. "Ka gyara abinka ta wani wajen. Ba kai ne ɗan boko ba?"

Na koma Kiru a fusace. Mutum zai rasa ganin kabarin mahaifiyarsa don kada mai shayi ya rasa kallon barkwanci a waya. Mako guda ina juya abin, na yanke cewa akwai alherin da ake yi wa iyaye ba da saninsu ba.

Juma'a ta uku, ana sakkowa daga masallaci na shige bayan rumbu da wayata na canza lambar. Da yake raina a ɓace yake, na rubuta abin da ya fara zuwa mini, ban yi tunanin wani mahaluki zai taɓa jin ta ba. Na jona talabijin kaɗai. Hoto ya fito garau, har gumin da ke kan hancin mai labarai ana gani. A waje kuwa aka shiga ɗaga wayoyi sama ana girgizawa. Mai shayi ya leƙo ya ce, "Malam, sabis ne ya ɗauke?" Na ce ai ka san halin kamfanonin nan, na taya shi tsaki.

Kafin la'asar zaure ya cika. Duk wanda ya rage daga tsohon gari ya zo, tabarma uku ta ɗauke su, sandunansu jingine a bango. Inna da mata suka tsaya a ƙofar ciki. Baba ya sa sabuwar riga da turare, kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Ya dubi hoton ya dube ni ya ce, "Ka ga, da ka nutsu ai ka gyara." Na sunkuyar da kai na karɓi yabon ba kunya.

Aka fara shiri. Mai gabatarwa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya gode wa duk wanda ya taɓa ba shi ruwa. Aka nuna bakin dam, aka nuna kwalekwale ya tashi. Ruwa, ruwa, sannan can nesa wani baƙin abu ya fara tasowa. Tsofaffi suka miƙa wuya gaba ɗaya. Daidai nan aka yi sallama a ƙofa.

'Yar Gwaggo ce, wadda nake kira Yaya. Gwaggo ba ƙanwar Baba ba ce ta jini, matar amininsa ce, katanga ɗaya ta raba zaurenmu da ɗakinta, kuma tare aka sauke su daga mota ɗaya. Mijinta ya rasu wata biyu da suka wuce, tana cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Ban taɓa kawo ta a lissafina ba. Yaya ta durƙusa da waya a hannu ta ce, "Baba, a yi haƙuri. Innarmu ce ta ce in zo, tun azahar abin ya ƙi kamawa a wayarta, ga shi an fara."

Baba bai dube ta ba, ni ya duba.

"Kai ne?"

Na ce, "Baba, awa ɗaya ce kawai."

"Ba ta lambar."

Na matsa kusa da Yaya zan raɗa mata a kunne. Waya ɗaya ba za ta kashe mu ba, na riga na lissafa.

"A zaurena ba a raɗa," in ji Baba. "Faɗa kowa ya ji."

Na dubi talabijin, baƙin abin nan ya fara zama tudu. Na dubi ƙofa, mai shayi da 'yan acaɓa da masunta sun yi cincirindo, kowa da waya a hannu. Na ce, "Baba, don Allah." Bai ko ƙifta ido ba. To, a gaban dattawan garinmu kaf, a gaban mahaifiyata, na buɗe baki na faɗi sabuwar lambar sirrin gidanmu.

"Ku sayi naku."

Wani tsoho mai nauyin ji ya ce me ya ce, aka maimaita masa da ƙarfi. Na ƙara da cewa a haɗe ake rubutawa, duka ƙananan baƙaƙe, tunda mutuncin ya riga ya zube gara a rubuta daidai. Daga ƙofa wani ya fashe da dariya, sauran suka bi, yatsu suka hau aiki. Yaya ta fita da sauri. Ban kai ga zama ba zoben ya fito.

Kuma don a cika mini wulaƙanci, hoton bai ƙame a kan tudu ko bishiya ba. Ya ƙame ne daidai lokacin da mai kyamara ya juya, a kan ɗuwawun mai tuƙa kwalekwalen, ya sunkuya yana dafa gora, wandonsa da faci. Mutanen da suka bar garinsu suna samari, suka tsufa suna jiran wannan rana, ga abin da aka kafa musu. Wani ya yi 'yar dariya, ba wanda ya taya shi. Na kashe na kunna. Na rage hoto har ƙasa. Na fita na girgiza gorar kamar mai kaɗo mangwaro. Na dawo na tarar da facin nan yana nan, zobe na juyawa a kansa. Baba ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon gilashin, bai ce mini komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai muka ji murya ta bayan katanga. Gwaggo ce. Mai takaba ba ta hira da maza, saboda haka da 'yarta take magana, amma da ƙarfin da ko na bakin dam zai ji.

"Ke, matso ki ga garinku. Kin ga kukar ƙofar gidan liman? Ta karye, amma gindin yana nan. Ga harsashin masallaci, har matakalar ladan, uku, ba ɗaya da ta tafi."

Tsofaffi suka juya wa talabijin baya, suka fuskanci katanga. Su ma ba za su yi magana da mai takaba ba, sai wani ya ɗaga kai ya tambayi azarar rufi, "Ko marina tana nan?"

"Ke, kin ga ramukan nan a jere? Marina ce. Ta cika da laka, amma bakin kowane rami ya fito."

Haka aka yi ta yi. Wannan ya tambayi azara rijiyar kasuwa, wancan ya tambayi turken dokin kakansa, Gwaggo tana nuna wa 'yarta ɗaya bayan ɗaya. Har gardama ta tashi a kan wani lungu, wani ya ce hagu yake, ta ce wa 'yarta wasu tun suna yara ba su san hagu da dama ba. Aka yi dariya, wasu na share ido da bakin riga. Ni ina tsaye da rimot a hannu ina jin haushin yadda 'yar ƙaramar waya ta samu abin da talabijin ɗina ta rasa, amma na gode wa Allah da ta samu.

Baba ne kaɗai bai yi tambaya ba. Sai da surutu ya lafa ya gyara murya, bai ɗaga kai sama ba, ƙasa ya duba.

"Maƙabarta fa?"

Bayan katanga aka yi shiru, har na ɗauka wayar ta ɗauke. Sannan muryar ta dawo, a hankali wannan karon.

"Ke, kin ga tudun nan gabas da kuka? Maƙabarta ce. Ita ta fara fitowa, ta bushe sarai, ruwa ya yi nesa da ita. Kin ga na gefen nan, kusa da inda tsamiya take a da? Na kakar wancan mai cewa mu sayi namu ne. Bai rufta ba. Ciyawa ta fito a kansa kore shar."

Baba ya ɗaga hannuwa. Ya yi addu'a mai tsawo, hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a sabuwar rigar, zaure na cewa amin. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Ni ma na yi, a tsaye, da rimot ɗina, rabi don kakar da ban sani ba, rabi don kunya. Ana shafa addu'a zoben ya ɓace, hoto ya dawo garau. Tallar takin zamani ake yi.

Na nemi maimaicin shirin a intanet har na gaji, ban samu ba. Damina ta sauka, ruwa ya koma inda yake. Lambar kuwa Baba ya hana a canza, ya sa na rubuta ta a sabon kwali, har yau in na shigo gari 'yan acaɓa da ita suke yi mini sannu da zuwa.

Bayan Gwaggo ta fita takaba na haɗu da Yaya a bakin kanal tana wanke alayyafo. Na ba ta haƙuri a kan abin da na yi, na ce Allah dai ya taimaka wayar Gwaggo ta kama, da ban san inda zan sa kaina ba. Ta tsaya da wankin ta dube ni.

"Wace wayar? Kafin in gama shigar da zagin naka duk gari sun hau. Juyi kawai take yi, ko kwalekwalen ba mu gani ba."

Na ce to duk abin da Gwaggo ta faɗa fa, kuka, marina, matakala uku?

"Kifa wayar ta yi a kan tabarma ta rufe ido. Ta ce ta ji shirun da zaurenku ya yi, ba ta taɓa jin maza sun yi irinsa ba sai ranar da aka fitar da Babanmu." Ta ci gaba da wanki. "Na ce Inna, kina takaba kina ƙarya? Ta ce wace ƙarya, ita tana gani."

Ban san ko kabarin ya fito ba. Ban san ko ya rufta, ko ruwa bai taɓa sauka daga kansa ba, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya. Ranar na ji tsoron tsohuwar nan, na kuma ji ina ƙaunarta fiye da yawancin danginmu na jini.

Baba yana nan a zaure. Da tafiya ta yi tafiya katangar ta fita daga labarin, yanzu in baƙo ya zo cewa yake yi a talabijin ya gani da idonsa, tudun a bushe, ciyawa kore shar a kan mahaifiyarsa. In ina kusa sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Malamin boko? Ai kana wurin."

Nakan ce, "Haka ne, Baba."